Gero a Cikin Safa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata ta fari, 'Yar Kalakla.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki da ƙarfin zama ki karanta ta har ƙarshe. Ina gaida mijinki, ina gaida Mu'az da ƙanwarsa. Allah Ya kai ku Masar lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na masu tsayawa a kan hanya, Ya dawo mini da ke a kan ƙafafunki.

Kin san ban yi makaranta ba. Ƙanwarki Nafisa ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa, muna zaune a inuwar rumfa a gidanmu na Umbadda. Da ta ji farkon maganar sai ta sunkuyar da kai, ta ce in nemi wata babba ta rubuta. Na ce a'a, ita nake so.

Ranar Juma'a kin zo yi mini sallama. Kika tsaya daga bakin madafa kika ce, “Inna, ran Laraba za mu tafi. Likita ya ce sai an cire nonon hagu. Ya ce in yi tunani ko ina so a sa mini roba a wurin, da irin girman da nake so.” Ni kuwa ina tsugune gaban wuta ina zuba kisra, wainar dawan nan tamu mai faɗi. Na ce, “Allah Ya sawwaƙe,” ban ɗaga kai ba. Kin jira. Ina ji kina jira. Sannan kika gyara lulluɓin tob ɗinki kika fita. Kisrar ta ƙone a gabana ina kallon ta. Tun ranar abinci bai wuce mini wuya da daɗi ba.

Ba rashin so ba ne. Ke ce ta fari, kuma haka muka tarar: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna masa ido. Ana yaye ki kakarki ta goya ki ta tafi da ke Kalakla, shi ya sa har yau nake ce miki 'Yar Kalakla. Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da wannan kunya ina ganin mutunci ne. Yanzu ina tsoron ita ce ta kai ki inda kike.

Ga abin da ban taɓa faɗa miki ba. Aikin da aka yi mini kafin yaƙi, wanda aka ce miki na kaba ne, ba na kaba ba ne. Ciwon daji ne, irin naki. Na dama aka cire mini. Abin da kike gani a ƙarƙashin tob ɗina roba ce.

Wata rana ina wanka na ji wani abu kamar ƙwallon dabino a ƙarƙashin fata. Ba ya ciwo, sai na ce maruru ne, zai fashe. Na shafa bagaruwa, na shafa man riɗi, na yi shiru wata takwas. Gwaggonki Hajjo, Allah Ya jiƙan ta, ita ta lura na koma ɗaukar bokiti da hagu. Ta ja ni ɗaki ta ce, “Buɗe in gani, ko in kira maƙwabta su taya ni buɗewa.” Washegari ta sa ni a raksha, keken haya mai ƙafa uku, sai asibiti.

Shekaranjiya mijinki ya gaya wa babanku cewa ke ma wata biyar kika yi da naki ba ki faɗa wa kowa ba. Da kin san uwarki ta yi, da ranar da yatsanki ya taɓa shi kin ruga asibiti. Wata biyar ɗin nan ni na ci miki su. Don haka abu na farko, da kin zauna gaban likita, kafin ya tambaye ki, ki ce masa uwata ta yi wannan ciwo. Ki ƙara da cewa ƙanwar kakarki, wadda ta rasu a Jazira lokacin muna aikin auduga, ita ma da gyambo a ƙirji ta tafi, mutane suka ce sammu ne. Kada ki rage komai. Wannan labarin na iya canza abin da zai yi miki.

Yanzu maganar girma.

Ranar da za a yanke shawara mun shiga mu biyu, ni da Hajjo. Babanku ya tsaya a waje, daga garejinsu na Alshajara ya zo, baƙin mai a hannunsa. Likitan dattijo ne mai furfura, mai sanyin magana. Ya buɗe aljihun tebur ya fito da abubuwa uku kamar ledar ruwa mai kauri, ƙarama, matsakaiciya da babba. Ya ce in taɓa. Ban taɓa ba. Namiji ne, ga Larabcin asibiti ba irin na kasuwa ba ne, ga ni da kunya. Idona yana kan takalmina.

Ya ce, “Hajiya, ƙirjinki ba mai faɗi ba ne, fatar da za ta rage kuma ba ta da yawa. Ni da za ki bi shawarata, ƙaramar nan ko ta tsakiya. Amma ɗaya nonon ya shayar da 'ya'ya bakwai, ya sauka. Roba ba ta sauka, inda aka ajiye ta nan take zama. In kina so su yi daidai, sai mu ɗaga na hagun, mu ɗan rage shi.”

Hajjo ta tafa hannu. “Likita, wanda ba shi da ciwo me ya yi za a sa masa wuƙa? Ai sai ka sa babbar ta kamo shi. Mace ce mai miji, ba za mu mayar wa ɗan'uwana rabin kaya ba.”

Likita ya yi murmushi, ya ce, “Ba ke nake tambaya ba, ya hajja. Mai jikin nake tambaya.”

Ya juyo gare ni. Ya jira, kamar yadda kika jira ran Juma'a. Na ce, “Duk yadda ta ce.” Ya ce in je in yi mako guda ina tunani.

A bakin ƙofa wata sista doguwa ta riƙo hannuna. Ta ce, “Kina da gero a gida?” Na ce ina da shi. Ta ɗauki kofin shayinta ta nuna mini yawan da ya yi daidai da ƙaramar roba, da yawan da ya yi daidai da babbar. Ta ce, “Ki zuba a safa, ki ɗaure baki, ki sa a cikin rigar nono. Ki yini da shi. Ki yi shara da shi, ki yi salla da shi, ki hau mota da shi. Ranar farko ƙarami, rana ta biyu babba. Jikinki zai gaya miki abin da bakinki ya kasa faɗa.”

Na yi niyya, Allah Ya sani. Bayan la'asar na ɗauki safar babanku na auna gero, na shiga ɗaki na tura ƙofa. Ina tsaye ke nan gaban madubi, ko numfashi uku ban ja ba, sai Nafisa ta banko ƙofa, lokacin tana 'yar mitsitsiya, ta ce, “Inna, me kike yi da geron kunu?” Na fizge safar na jefa ƙarƙashin gado, geron ya watse, kaji suka shigo. Ban sake gwadawa ba. Ga ta nan yanzu ta rufe baki da hannu, ta ce ta tuna kajin.

Da mako ya cika na koma na ce babbar. Ban san nauyinta ba. Ban san yadda take in an sunkuya ba. Ni kuwa rayuwata duk a sunkuye take, gaban wutar kisra, gaban wanki, gaban Ubangijina. Ranar da na fara yin sujada da ita na ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji. Fatar ta miƙe tana sheƙi kamar ganga. Kafaɗar dama ta riƙa ja na ƙasa, bayana ya riƙa ciwo, har yau.

To ki ji. Kada ki zaɓi girma a tsaye gaban madubi, da tob a jikinki. Tob yana rufe komai, kowace mace daidai take a cikinsa. Ki zaɓa a sunkuye. Ki zaɓa kina goye da yarinya, kina miƙa hannu kan igiyar shanya. Ki tambayi likita faɗin ƙirjinki, da abin da fatarki za ta iya ɗauka, ki fara daga nan, ba daga abin da kike da shi kina amarya ba. Kuma kada ki bari wani baki ya amsa miki. Na ji uwar mijinki ce za ta raka ku. Mutuniyar kirki ce, ki girmama ta, ki ba ta kujera, amma in likita ya ce mai jiki, ke ce mai jiki.

Abin da ya fi ba ni haushi, daga baya na ce wa babanku saboda shi aka sa babbar. Ya ajiye cokali ya dube ni. Ya ce, “Saboda ni? Wa ya tambaye ni? Ni da nake tsaye a waje ina roƙon Allah Ya bar mini ke ko da ƙashi ne kawai?” Kin ga, an yi magana da sunansa, shi bai ce ba, ni ban tambaya ba. Ki zauna da mijinki ku biyu kawai kafin ranar. Ki tambaye shi da bakinki. Wataƙila abin da kike tsoro ba ya ransa ko kaɗan.

Maganar ɗaga ɗayan kuma, yadda likita ya faɗa haka ya zama. Na dama ya tsaya can sama, na hagu yana ƙasa, tsakaninsu ya kai faɗin tafin hannu. Babbar roba ba ta kamo komai ba, ƙara nuna bambancin ta yi. Rigunana duk suka karkace. Na daina zuwa biki inda mata ke cire tob su zauna, na daina zuwa gidan mai lalle. Ƙin da na yi, ba don na auna na ga bai dace ba ne. Tsoro ne. Ina ganin in na bari aka taɓa lafiyayyen wuri na yi wa Allah butulci. Na riƙe wannan a raina ban tambayi kowa ba, sai bayan shekara, da wata ɗaliba 'yar Nijar da ke karatu a jami'a take koya mana karatu a masallacin unguwa. Na tsaya bayan kowa ya watse na tambaye ta a kaikaice, wai wata maƙwabciyata ce. Ta ce a iya saninta gyara abin da ciwo ya ɓata magani ne, ba raina halitta ba ne, amma in tambayi malamai in ƙara. Tambayar da ba ta kai tafasar shayi ba, na yi shekara ina ɗauke da ita.

Ban ce lallai sai an ɗaga miki ba. Ke 'ya'ya biyu kika shayar, ba bakwai ba, wataƙila naki ba ya bukata. Ɗagawa ma yanka ce, tana da tabo, tana da nata haɗari, kuma ki tambaya ko za ki iya shayarwa da shi in Allah Ya ba ki wani rabo. Ki tambaya ko dole ne a yi rana ɗaya, ko ana iya jira a ga yadda robar ta zauna. In kin ƙi, ki ƙi kina sane. In kin yarda, ki yarda kina sane. Akwai ma wata mata 'yar Bahri da muke zama layin asibiti tare, ita cewa ta yi kada a sa mata komai. Ta ɗinka 'yar matashiya da auduga tana sawa a riga. Takan ce mini, “Ni in zafi ya dame ni sai in cire nawa in rataye a ƙusa. Ke fa?” Tana dariya, ni ina murmushin yaƙe. Wannan ma hanya ce, kada a ce miki babu ita.

Yanzu ga wanda ya fi tsorata ni, don na san za a yi miki shi da sunan ƙauna.

Mako uku bayan aiki ina gida, wurin ya kumbura kaɗan. Hajjo ta zo da ganyen darbejiya ta ɗora tukunya. Ta ce, “Wace mace aka taɓa yanka ta warke babu gashi? Haihuwa bakwai da ruwan zafi na tashe ki.” Gaskiyarta, haka muka sani. Na tuna sistar nan ta yi mini wata magana a kan zafi ranar sallama, amma da sauri ta faɗa, ni kuma na gyaɗa kai kamar na gane. Hajjo ta tsoma tawul ta ɗora mini. Ta ce, “Ya yi?” Na ce, “Ban ji komai ba.” Ta ce, “To bai yi zafi ba ke nan.” Ta ƙara wuta. Ta sake ɗorawa, ta danna. Na ce har yanzu ban ji ba. Sau huɗu. Da ta ɗaga tawul na ƙarshe sai ta saki salati, fatar ta biyo tawul ɗin.

'Yata, fatar wurin ba ta ji. An yanke jijiyoyin da ke kai labari. Wuta za ta ci ki, ke kina hira. Kwana biyu zazzaɓi ya rufe ni, ɗinkin ya buɗe, aka mayar da ni asibiti ina rawar sanyi. Likitan da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar ya ɗaga. Da ƙyar aka ceci robar, da ƙyar aka cece ni. Hajjo ta yi ta kuka tana cewa ta kashe matar ƙaninta. Ba laifinta ba ne ita kaɗai. Ni ce na gyaɗa kai ga maganar da ban gane ba.

Don Allah, don Annabi, kada ki bari a kusantar da zafi ga wurin. Ba ruwan zafi, ba tawul, ba kwalbar ɗumi. In kin dawo matan unguwarku za su ce a haƙa miki rami ki zauna a kan hayaƙin itacen ɗalhi ki gyara jiki. Ki ce likita ya hana, ki ɗora masa laifin, ba ya nan balle ya ji kunya. Kada ki tsuguna gaban murhu sai ya ba ki izini. In kin ga ja, ko kumburi, ko ruwa na fita, ko jikinki ya yi zafi, ki koma a ranar, kada ki jira gari ya waye da sauƙi. Larabcin Masar ba irin namu ba ne, suna da sauri. In ba ki gane ba ki ce a maimaita. Ki ce sau uku in ta kama. Gara su ce baƙauya ce.

Bayan na warke aka yi mini zaman haske, wanda suke ƙona ragowar ciwon da shi. Daga nan robar ta fara tauri, yau tana nan kamar ɗanyen mangwaro. Ki tambaya tun yanzu ko za a yi miki hasken, in za a yi, ko ya fi kyau a jinkirta sa robar. Ni ban san ana tambaya ba.

A ƙarshe na koma wurin likitan ni kaɗai, na buɗe baki na ce a canza mini ƙarama, a ɗaga ɗayan. Ya ce, “Yau na ji muryarki, Hajiya.” Ya ce in dawo bayan salla. Kafin sallar ta zo aka fara harbi. Kin san sauran. Muka fita da abin da ke jikinmu, katin da aka rubuta irin robar da girmanta yana cikin akwati a ɗaki. Da muka dawo babu akwatin, babu ƙofar ɗakin ma. Asibitin na je na tarar da shi a rufe, likitan babu wanda ya san ƙasar da yake. Wani likita da na gani a inda muka yi gudun hijira ya tambaye ni me aka sa mini, na ce ban sani ba. Ya ce irin wannan abu ba na har abada ba ne, yana son a riƙa dubawa. Ina yawo da abu a ƙirjina wanda ban san sunansa ba, kuma duk ranar da ya ɗan motsa sai gabana ya faɗi. Ke in an ba ki kati, ki ɗinke shi a leda ki riƙa ɗaurawa a jikinki, ki sa mijinki ya ɗauki hotonsa a waya. Kuma ki tambaya, in kin dawo Umdurman wa zai riƙa duba ki. In babu amsa, ki sa wannan ma a ma'auni kafin ki zaɓa.

Ina tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Ina tsoron hanyar, ina tsoron wuƙar, ina tsoron wata biyar ɗin nan. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne in ga kin zauna a kujerar nan kina kallon takalminki, ki ce duk yadda suka ce. Kin yi kama da ni fiye da yadda nake so.

Babanku zai kawo miki wannan takarda tasha da ƙulli guda. Safa ce sabuwa da gero daga wanda nake kunu da shi. In sun hana ki wucewa da shi a kan iyaka, shinkafa ma tana yi. Ki sa a auna miki a asibiti. Ki rufe ƙofa da sakata. In Mu'az ya tambaye ki me kike yi da gero, ki ce masa magani ne, ki ci gaba.

Nafisa ta rubuta duk wannan fuskarta a ƙasa, sau biyu tana ajiye biro. Shi ya sa na ce ita. Yanzu ta ji, ba za ta ce ba a gaya mata ba. Na ce mata duk ranar da ta ji wani abu a jikinta wanda ba ta saba ji ba, ni za ta fara faɗa wa, ko ke.

Ta naɗe takardar ta tambaye ni sunan da za ta sa a baya, ko 'Yar Kalakla za ta rubuta. Na ce ta buɗe ta ƙara layi. Na faɗa da bakina, har maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga.

Safiya. Safiyata.

In sun kira wannan suna a asibiti, ki amsa da ƙarfi. Allah Ya sa hannun likita ya zama hannun rahama, Ya tashe ki daga barcin allura lafiya, Ya raba ki da ciwon nan har abada. Ya tsare gabanki da bayanki, tafiyarki da dawowarki. Ki yafe mini shirun da na yi. In kin dawo kada ki tsaya a bakin madafa, ki shigo ciki.

Wassalam.

Mahaifiyarki.